Mahaɗan Dogaro a Nahawun Turanci: Bayani Domin Jama'a da Ma'aikatan Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Jega da Aliero da Maiyama suna cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga watan Agusta, 1991, kuma dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Gwandu. Kamar yadda aka sani, da Hausa ake ciniki a kasuwar Jega, da ita ake sayar da albasa a Aliero, da ita kuma ake shawara a ƙofar iyayen ƙasa da hakimai a Maiyama. Sai dai takardun hukuma, da na banki, da na kwangila, da na rancen noma, galibi da Turanci suke zuwa.

A irin waɗannan takardu, sau da yawa haƙƙin mutum ko nauyin da ke kansa yana rataye ne a kan wata 'yar ƙaramar kalma kamar if ko unless ko until. Mai karatu yana iya fahimtar kowace babbar kalma da ke cikin takarda, amma idan wannan ƙarama ta kuɓuce masa, sai ya ɗauki sharaɗi a matsayin alkawari. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace ma'anar waɗannan kalmomi da ƙa'idojin amfani da su, domin manoma da 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Jimlolin Turanci da za a gani a ƙasa misalai ne da aka tsara domin koyarwa.

Mene ne mahaɗin dogaro?

Masana nahawu suna kiran rukunin kalmomin da ke ɗauke da mai aiki da aikatau da sunan ganga. Ganga iri biyu ne. Akwai tsayayyen ganga, wanda ma'anarsa ta cika, kamar a ce: "Manomi zai biya rance." Akwai kuma ganga dogarau, wanda ba ya tsayuwa shi kaɗai, kamar a ce: "idan ya sayar da shinkafa." Duk wanda ya ji wannan na biyu zai saurari sauran magana.

Kalmar da ke buɗe ganga dogarau, ta ɗaure shi a jikin tsayayyen ganga, ita ake nufi da mahaɗin dogaro. A Hausa muna da irin su idan, da kafin, da bayan, da saboda, da ko da yake, da muddin, da har sai. Turanci ma yana da nasa, kuma aikinsu shi ne su nuna lokaci, ko sharaɗi, ko dalili, ko saɓani, ko manufa. Sun bambanta da mahaɗai irin su and da but da or, waɗanda ke haɗa ganga biyu masu matsayi ɗaya.

Rukunin farko: mahaɗan sharaɗi

Waɗannan su ne suka fi shafar dukiya da haƙƙi, don haka aka fara da su.

1. If, ma'ana idan, ga abin da ba a tabbatar zai faru ba. "The council will repair the road if funds are released." Majalisar ƙaramar hukuma za ta gyara hanya idan an saki kuɗi. In ba a saki ba, babu alkawarin da aka karya.

2. Unless, ma'ana sai in, ko in ba. "The loan will not be approved unless the District Head signs the form." Ba za a amince da rancen ba sai in uban ƙasa ya sa hannu a fom. A lura cewa jimlar ba ta ce da zarar ya sa hannu za a bayar ba. Ta ce dai rashin sa hannunsa yana hana bayarwa. Wasu sharuɗɗan suna iya kasancewa a wani sashe na takardar.

3. Provided that da as long as, ma'ana muddin, ko bisa sharaɗin. "You may keep the stall provided that you pay the rent every month." Rumfar kasuwa tana hannunka muddin kana biyan haya kowane wata. A takardun shari'a, provided that kan zo a ƙarshen sashe domin ta rage ko ta iyakance abin da aka bayar a farkonsa. Wanda ya karanta farko ya bar ƙarshe bai karanta sashen ba.

4. Even if, ma'ana ko da. "The loan must be repaid even if the harvest is poor." Wajibi ne a biya rancen ko da amfanin gona bai yi kyau ba. Tazarar da ke tsakanin if da even if kalma ɗaya ce, amma ta farko tana buɗe hanyar uzuri, ta biyu tana toshe ta.

5. In case, ma'ana don kada, wato yin tanadi tun kafin abu ya faru. Manomin albasa da ke ajiya a rudu zai gane bambancin nan da nan. "Cover the onions if it rains" yana nufin a rufe albasa idan ruwa ya sauko. "Cover the onions in case it rains" kuwa yana nufin a rufe ta tun yanzu, don kada ruwa ya sauko ya same ta a buɗe. Haka kuma ba a cewa should in case. Ɗaya daga cikinsu ya wadatar.

Rukuni na biyu: mahaɗan lokaci

1. When, ma'ana lokacin da, ko idan ga abin da ake da tabbacin zuwansa. A nan ne Bahaushe ya fi samun tuntuɓe, domin kalmar idan a Hausa tana ɗaukar aikin if da na when baki ɗaya. A ɗauki misalin dillalin da ya karɓi buhunan albasa daga Aliero zuwa kudancin ƙasar nan. Idan ya rubuta "I will pay you when the onions are sold", ya nuna yana ɗaukar sayarwa a matsayin abin da zai faru, biya kuma zai biyo baya. Idan ya rubuta "I will pay you if the onions are sold", ya mayar da sayarwa sharaɗi, ya kuma bar wa kansa ƙofa idan albasa ta ruɓe a hanya. Duk da haka, abin da ya fi aminci ga manomi shi ne a rubuta ranar biya, a kuma bayyana wanda zai ɗauki asara.

2. Before da after, ma'ana kafin da bayan. Su ne ke nuna abin da ke gaba da abin da ke biye. "Payment will be made after the borehole has been tested." Za a biya ɗan kwangila bayan an gwada rijiyar burtsatse. Saboda haka gwaji ne ke gaba, biya na biye.

3. Until, ma'ana har sai, ko har zuwa lokacin da. "You may farm the land until the council needs it." Kana iya noma filin har zuwa lokacin da ƙaramar hukuma ta bukace shi. Wato aro ne mai iyaka, kuma bai dace a gina gida ko a dasa itatuwa a kansa ba tare da neman ƙarin bayani ba.

4. As soon as da once, ma'ana da zarar. "Report to the veterinary officer as soon as an animal falls sick." A sanar da malamin dabbobi da zarar dabba ta kamu da ciwo, ba tare da jinkiri ba.

5. While, ma'ana yayin da. "Nobody should enter the store while the fertilizer is being counted." Kada kowa ya shiga sito yayin da ake ƙidayar taki.

6. Since, ma'ana tun lokacin da. "The clinic has been busy since the rains started." Asibiti yana cike tun da damina ta faɗi.

Rukuni na uku: dalili, saɓani da manufa

Because ita ce saboda, kuma ita ce mafi bayyana wajen faɗar dalili. Since da as su ma suna ɗaukar wannan ma'ana, amma suna da fuska biyu. Kamar yadda Hausa ke da "tun da" ta lokaci da "tunda" ta dalili, haka since take. Jimlar "Since the bridge was repaired, traders have returned" tana iya nufin 'yan kasuwa sun dawo tun lokacin da aka gyara gada, tana kuma iya nufin sun dawo saboda an gyara ta. A rahoton hukuma, idan dalili ake nufi, a yi amfani da because.

Although da though da even though suna nufin ko da yake, ga abin da ya riga ya tabbata. "Although the river overflowed, the rice survived." Ko da yake kogi ya yi ambaliya, shinkafa ta tsira. A bambanta even though da even if: ta farko tana magana a kan abin da ya faru, ta biyu a kan abin da yake iya faruwa.

Whereas tana nufin alhali kuwa, wajen kwatanta abu biyu. Amma idan ta zo a farkon yarjejeniya, sau da yawa da manyan baƙaƙe, ma'anarta ita ce ganin cewa, kuma tana gabatar da asalin maganar ne kafin a shiga sharuɗɗa.

So that tana nufin domin. "The drains were cleared so that water could pass." An yashe magudanai domin ruwa ya samu hanya.

Ƙa'idojin rubutu

1. Ganga dogarau ba ya zama jimla shi kaɗai. Kuskure ne a rubuta "I was absent. Because my child was ill." Daidai shi ne a haɗe su: "I was absent because my child was ill."

2. Idan ganga dogarau ya zo a farko, ana sa waƙafi bayansa: "When the chairman arrived, the meeting began." Idan ya zo a ƙarshe, galibi ba a bukatar waƙafi: "The meeting began when the chairman arrived."

3. Ba a sa will a cikin gangan lokaci ko na sharaɗi domin nuna abin da zai faru. Ana cewa "We shall start when he comes", ba a cewa when he will come. Haka ƙa'idar take ga before da after da until da as soon as da if da unless.

4. Bayan because da although da while, ganga ne ke biyowa, mai ɗauke da aikatau. Bayan because of da despite da during kuwa, suna ne ke biyowa. Ana cewa "because it rained" ko "because of the rain". "Although it rained" ko "despite the rain". "While we were meeting" ko "during the meeting".

5. A yi hattara da because idan ta biyo bayan not. Jimlar "The meeting was not postponed because the chairman travelled" tana iya nufin ba a ɗage taron ba, tana kuma iya nufin an ɗage shi amma bisa wani dalili daban. Magatakarda ya raba maganar gida biyu domin ta fito fili.

Kurakuran da ke tasowa daga tasirin Hausa

Yawancin kurakuran da ake gani a wannan fanni ba daga rashin ƙoƙari suke ba. Mai rubutu yana tunani da Hausa ne, sai ya ɗora Turanci a kan ginin jimlar Hausa.

Na farko shi ne haɗa although da but. A Hausa daidai ne a ce "ko da yake ya yi noma, amma bai samu ba." A Turanci ɗaya ake zaɓa: "Although he farmed, he got little" ko "He farmed, but he got little."

Na biyu shi ne haɗa because ko since da so, bisa salon "tunda ya ƙi biya, sai aka rufe rumfar." A Turanci ana cewa "Since he refused to pay, the stall was closed", ba tare da so ba.

Na uku shi ne mayar da kowace sai ta Hausa until. Kalmar sai tana da ayyuka da yawa. "Sai ka zo" ta bankwana ba ta fassaruwa da until you come, domin mai jin Turanci zai jira sauran jimlar. "Sai in ka biya" kuwa unless ce. Until tana amsa tambayar har yaushe, unless tana amsa tambayar bisa wane sharaɗi.

Na huɗu shi ne ƙara not bayan unless. Unless ta riga ta ƙunshi ma'anar korewa. Wanda ya so ya ce za a ci tarar duk wanda bai yi rajista ba, sai ya rubuta "You will be fined unless you do not register", ya juya sanarwar baki ɗaya, domin abin da ya rubuta yana nufin mai rajista ne za a ci tara. Daidai shi ne "You will be fined unless you register" ko "You will be fined if you do not register."

Yadda suke aiki a cikin dokokin ƙasa

Misalai kaɗan daga dokokin da suka shafi mutanen karkara za su nuna nauyin waɗannan kalmomi.

Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa Majalisar Tarayya za ta gudanar da harkokinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci lokacin da aka yi isasshen tanadi domin haka. Kalmar when ce ta ɗaure amfani da harsunan nan uku a kan yin tanadin.

Sashe na 36 na wannan Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. A nan if ce ke buɗe haƙƙin. Saboda haka ya kamata wanda ba ya jin Turanci ya sanar da kotu tun farko.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a filayen da ba na birni ba. Ta kuma iyakance abin da za a bayar a takarda ɗaya: kada ya wuce hekta 500 idan na noma ne, ko hekta 5,000 idan na kiwo ne, sai da yardar Gwamna. Girman filin ya rataya a kan if, wato a kan abin da za a yi da shi. Har ila yau, a rubutun doka kalmar where takan zo da ma'anar idan, ba da ma'anar wuri ba.

Haka abin yake ga takardun rance. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba, 2015, manoman shinkafa da dama a jihar nan sun saba da cike fom da sa hannu. Ko wane irin rance ne, daga banki ko daga ƙungiyar gama kai, sashen da ke ɗauke da if da unless da even if shi ne ya fi cancantar a karanta a tsanake.

Shawara ga wanda ake karanta wa takarda

Rashin jin Turanci ba abin kunya ba ne, kuma an ce matambayi ba ya ɓata. Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, a nemi wanda aka amince da shi, wanda ba shi da rabo a cikin cinikin, ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. Sannan a yi masa waɗannan tambayoyi:

1. Me aka ce za a yi mini, kuma me aka ce zan yi?
2. Akwai sharaɗi? A nuna mini kalmar da yatsa, a faɗa mini ma'anarta.
3. Wanne ne ke gaba, nawa ko nasu?
4. Har zuwa yaushe wannan magana take aiki?
5. Idan aka yi fari ko ambaliya ko gobara, wa zai ɗauki asara?

A kuma nemi kwafin takardar a ajiye a gida. Idan maganar ta shafi gona ko kuɗi masu yawa, a tuntuɓi lauya, domin wannan bayani na nahawu ne, ba ya maye gurbin shawarar masanin shari'a.

Shawara ga ma'aikata da ɗalibai

Magatakarda da kansiloli da malaman gona da ma'aikatan lafiya su ne ke rubuta sanarwa da bayanin taro da rahotanni. Ana ba su shawara su sa sharaɗi ɗaya a jimla ɗaya, su guji tara if da unless da provided that a wuri guda. Idan akwai wa'adi, a rubuta ranar da alƙaluma. Bayan an gama rubutu, a gwada fassara jimlar zuwa Hausa. Idan ta ba da ma'ana biyu, to Turancin ma yana da matsala, sai a sake shi. Wajen yi wa jama'a bayani a masallaci ko kasuwa ko fadar hakimi, kada a faɗi alkawari a bar sharaɗinsa, domin daga nan ne zargi ke tasowa tsakanin talakawa da hukuma.

Ga ɗalibai kuwa, cin darasin Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO yana cikin sharuɗɗan shiga jami'a, har da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006. Mahaɗan dogaro suna fitowa a rubutun insha'i da wasiƙa da tambayoyin fahimta. Hanya mai sauƙi ta koyo ita ce ɗalibi ya ɗauki jimla ɗaya, kamar "We shall plant the millet", ya riƙa ƙara mata if da when da before da after da unless ɗaya bayan ɗaya, yana fassara kowace zuwa Hausa, har ya ga yadda ma'ana ke sauyawa.

Kammalawa

A taƙaice, duk jimlar Turanci mai ɗauke da mahaɗin dogaro tana da sassa biyu: abin da aka ce za a yi, da kuma lokaci ko sharaɗi ko dalilin da aka ɗaure shi da shi. Mai karatu ya fara neman mahaɗin, ya gane rukuninsa, sannan ya yanke hukunci. Mai rubutu kuma ya zaɓi wanda ya dace da nufinsa. Ana kira ga iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma a Jega da Aliero da Maiyama da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Allah ya sa mu dace, amin.